Shinkafar da ta kwana a tukunya: nazarin binciken duba-gari a wani gidan abinci a Kaduna

Wannan lamari misali ne na koyarwa. An harhaɗa shi daga irin kurakuran da duba-gari ke yawan tararwa a gidajen abinci, don haka ba wani gida guda ake nuna wa yatsa ba.

Gidan abincin yana ɓangaren Kawo, ba nisa da tashar mota, a ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa. Kujerunsa 40 ne, ma'aikata bakwai: kuku biyu, mai suyar kaza, mata biyu masu zuba abinci, da yara biyu masu wanke-wanke da ɗibar ruwa. Ana sayar da tuwon shinkafa da miyar kuka ko taushe, shinkafa da miya, dafa-duka da soyayyar shinkafa, sannan a ƙarshen mako ana karɓar kwangilar abincin biki. Sau biyu duba-gari suka shiga gidan a cikin shekarar, duka da hantsi. Abin da suka rubuta bai wuce kwandon shara marar murfi da ma'aikaci ɗaya da bai sa hula ba. Daɓen tayil ne yana ƙyalli, bango ya sha fenti, abinci kuma yana tururi a lokacin da suka zo.

Ƙorafin da ya iso ofis

Wata Asabar cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Kaduna ke kai wa maƙura, gidan ya kai roba 150 na soyayyar shinkafa wajen walimar ɗaurin aure. Soyayyar kaza a kula daban aka kawo ta. Dangin ango kuma sun toya waina a gida, sun haɗa zoɓo. An raba abinci wajen ƙarfe 2:30, bayan sallar azahar. Kafin a kira la'asar mutum na farko ya fara amai, zuwa magariba an kai wasu kemis, wasu asibiti. Yawancinsu tashin zuciya ne da amai mai ƙarfi da murɗawar ciki, babu zazzaɓi, masu gudawa kaɗan ne. Washegari kusan kowa ya miƙe.

Ƙorafin bai isa sashen lafiya na ƙaramar hukuma ba sai ranar Litinin. Wannan jinkiri ya ci hujja mafi ƙarfi. Dangi sun ajiye roba biyu na shinkafar, amma a kan tebur suka bar su har kwana biyu, kuma duk abin da za a ƙirga a cikinsu ranar Litinin ba shi ne adadin da mutane suka ci ranar Asabar ba. Ragowar abincin da ake zargi cikin ƙanƙara ake sa shi nan take, a rubuta lokaci a jiki.

Abin da ya rage shi ne tambayar waɗanda suka ci. An samu zantawa da mutum 64, ciki har da waɗanda ba abin da ya same su, domin in marasa lafiya kaɗai aka tambaya, duk abincin da ke wurin zai zama abin zargi. A cikinsu 24 sun kamu. Dangin ango kaza suka ɗora wa laifi, mai gidan abincin kuma ta ce zoɓonsu ne. Lissafi bai goyi bayan kowa ba. Mutum 50 sun ci kaza, 19 suka kamu, wato kashi 38 cikin 100. Mutum 14 ba su ci ba, 5 suka kamu, kashi 36. Cin kaza da rashin cinta duk ɗaya ke nan. Zoɓo kuwa kusan kowa ya sha, da wanda ya yi amai da wanda bai yi ba. Shinkafa ce ta raba gardama: cikin 41 da suka ci, 23 sun kamu, kashi 56, amma cikin 23 da suka tsaya a kan waina, mutum ɗaya ne kawai ya yi ƙorafin ciki.

Tazarar lokaci ita ma shaida ce. Kwalara tana ɗaukar awa 12 zuwa kwana biyar kafin ta bayyana, taifot kuwa sai an shafe mako ko fiye. Salmonella, wadda ake yawan samu a kaza da ƙwai, ba ta cika nuna kanta kafin awa shida ba, kuma takan zo da zazzaɓi da gudawa. Amai cikin awa ɗaya zuwa biyar yana nuna cewa gubar ta riga ta taru a cikin abincin tun kafin a kai shi baki. Ƙwayoyin cuta biyu ne suka yi fice da wannan: Bacillus cereus, abokiyar shinkafa, da Staphylococcus aureus, wadda ke zaune a hanci da fata da miki.

Yadda aka dafa shinkafar

"Hajiya, ƙarfe nawa aka dafa shinkafar bikin?"

"Da asuba, yallaɓai. Ni da kaina na tsaya a kai."

Mai gidan abincin ba ƙarya ta yi wa jami'in duba-gari ba, da asuba aka soya. Sai da jami'in ya koma madafa ya sake tambayar ta wata fuska, ya ce wa babban kuku yaushe aka wanke shinkafar aka ɗora ta a wuta, sannan zancen ya fito. Rabin buhu ne, kilo 25. An ɗora da magaribar Juma'a a babbar tukunyar biki, aka sauke wajen 7:30, aka rufe da murfi aka bar ta a madafa. Dalilin kuku na sana'a ne: shinkafar da ta huce ba ta caɓewa a kasko, tana fita warwar. Daga 5:30 zuwa 7:00 na safe aka soya ta kashi-kashi da karas da koren wake, kowane kasko 'yan mintoci. Ƙarfe 8:00 an gama zubawa a roba, aka jera a manyan buhuna aka ɗaure, aka kai gidan biki, aka ajiye a ɗaki har 2:30.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a nan a sarari take. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, kuma dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye cikin zafin ɗaki ba. Wannan shinkafa ta yi awa 10 a tukunya, ta ƙara shida da rabi a roba.

Mutane da yawa, har da wasu masu bincike, sun ɗauka tafasa tana gamawa da komai. Da Bacillus cereus ba haka ba ne. A ƙasa take rayuwa, tana biyo ɗanyar shinkafa tun daga gona, kuma tana iya dunƙulewa cikin ɓawo mai tauri da ruwan tafasa ba ya fasawa, kamar irin ciyawa da ke kwance duk rani yana jiran ruwan farko. Tafasar ma taimaka mata take yi, don ta kashe sauran ƙwayoyin da za su yi gogayya da ita. Da zarar shinkafa ta sauko ƙasa da digiri 50 sai ta farka ta fara ninkuwa, kuma a ɗumin da ta fi so, wajen digiri 30 zuwa 37, rabin awa ya ishe ta ta ninka kanta. A lissafin takarda, ninki 20 cikin awa 10 yana mayar da ƙwaya ɗaya fiye da miliyan. Tana cikin haka take zuba gubar da ke sa amai, kuma gubar nan tana jure zafin da ya kai digiri 121 na tsawon fiye da awa ɗaya. Kaskon asuba ya iya kashe ƙwayoyin da suka farka, gubar kuwa ko gezau. Ba ta canza ƙamshi, ba ta canza ɗanɗano, shi ya sa kuku ya ɗanɗana ya ce lafiya lau. Shi ya sa kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka sayar wa wasu a kemis bai da wani amfani a nan. Ruwan gishiri da sukari ne abin buƙata, sai ƙarin ruwa a asibiti ga wanda aman ya galabaitar.

Girman tukunya ya ƙara ta'azzara abin. Kilo 25 na ɗanyar shinkafa yana komawa kilo 60 zuwa 70 in ta dahu. Tuli irin wannan a rufe, gefensa ne ke fara hucewa, tsakiya kuma tana saukowa a hankali, ta daɗe a cikin ɗumin da ƙwayar ke so. Ko da an samu firjin da zai ɗauki tukunyar, sanyi ba zai ratsa tsakiyarta da wuri ba. Ma'aunin da ake aiki da shi a dokar abinci ta Amurka, wanda masu horarwa da yawa ke ara, shi ne a sauko da abinci daga digiri 57 zuwa 21 cikin awa biyu, sannan zuwa digiri 5 cikin ƙarin awa huɗu. Ba a samun haka sai an baza shinkafa a faranti, kaurinta bai wuce santimita 5 ba. Faranti mai tsawon santimita 60 da faɗin 40 yana ɗaukar lita 12, wato wannan kwangila tana buƙatar bakwai ko takwas, da firjin da zai ɗauke su, da wutar da ba za ta ɗauke ba har asuba. Gidan ba shi da ko ɗaya cikin ukun.

An kuma ga ɗaya daga cikin matan da suka zuba shinkafar a roba da yanka a yatsa, ta naɗe da tsumma. Wannan ƙofa ce ga Staphylococcus, wadda ita ma gubarta ba ta jin wuta. Ko wacce ce a cikin biyun, sa'o'in da abincin ya yi a ɗumi ne suka ba ta damar yin ɓarna, saboda haka matakin gyara bai jira sakamakon ɗakin gwaji ba.

Abin da ziyarar yamma ta nuna

Jami'an sun gwada ma'aunin zafinsu mai tsinke a kofin ruwa da ƙanƙara, ya nuna sifili, sannan suka bi kular shinkafar ranar. Ƙarfe 11:00 tsakiyarta digiri 68. Ƙarfe 2:00 ta sauko 52. Ƙarfe 4:30 tana 41, kuma a gabansu aka juye sabuwar shinkafa mai zafi a kan ragowar ta safe. Kula ba ta ƙara zafi, jinkirta hucewa kawai take yi, kuma duk buɗewa tana rage shi. Ta ƙasan nan da ake ta binnewa tana iya kaiwa dare. Abin da ya faru a biki yana faruwa kullum a gidan, sai dai kaɗan-kaɗan, kuma matafiyin da ya ci a Kawo ya yi amai a hanyar Zariya ba zai dawo ya kai ƙara ba. Ziyarar hantsi ba za ta taɓa ganin wannan ba, don a lokacin komai sabon saukewa ne.

Firji digiri 14 ya nuna, alhali bai kamata ya haura 5 ba. Robar bakin ƙofarsa ta saki. Firiza ta fi ba da labari. A ƙasanta akwai jini da ya kwanta ya daskare, cikin ledojin kaza kuma akwai dunƙulen ƙanƙara mai ruwan hoda, alamar naman ya narke ya sake daskarewa, wataƙila ba sau ɗaya ba. Ɗanyar kaza tana sama, robar dafaffiyar miya mai fasasshen murfi tana ƙarƙashinta. Janareta da rana ake tayar da shi saboda fanka da talabijin na masu cin abinci, da dare kuwa in an ɗauke wuta shi ke nan. Firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa huɗu. Firiza cikakkiya tana kai awa 48, mai rabi 24, amma wannan ana buɗe ta ba adadi don ciro lemo.

Katako ɗaya ne na yanka, ya yi zanen wuƙa mai zurfi. A kansa ake sassara ɗanyar kaza, a goge da tsumma, a yanka kabeji da latas waɗanda ba za su ga wuta ba. Da wannan ne ya haddasa ciwon biki, da an ga zazzaɓi da gudawa washegari ko bayan kwana biyu. Bai haddasa ba, amma haɗarinsa bai gaza na shinkafar ba.

Ruwa daga 'yan ga-ruwa ake saye a jarka, a juye a duro marar murfi, kowa ya tsoma moda da hannunsa. Gwajin kulorin, sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, bai nuna komai ba, alhali ana son a samu miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita. Ga wanda ya tuna 2021, shekarar da kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya ta kashe sama da 3,000, duro irin wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga damina tana ƙaratowa. Wurin wanke hannu na ma'aikata babu, sai buta a bakin bayan gida, ba sabulu. Kwanuka a baho biyu ake wanke su, ruwan ɗauraya ya yi kauri da maiƙo.

A sito buhunan shinkafa da gari suna ƙasa, jingine da bango. Da aka ja ɗaya sai ga kashin ɓera baƙi, wasu busassu wasu masu sheƙi, wanda ke nuna ɓerayen suna nan har yanzu, ga kuma baƙin layin maiƙo a gindin bango inda suke bi. Zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma da rani ya fi yaɗuwa. Ba a share irin wannan a bushe. Ana jiƙa shi da ruwan bilic tukuna, a kwashe da safar hannu. A kan kanta kuma, tsakanin galan ɗin man gyaɗa da ledar magi, akwai fiya-fiya a cikin robar lemo, ba rubutu. Tun 2019 NAFDAC ta taƙaita sayar da irin wannan magani a kasuwa, domin na gona ne. An tambayi marasa lafiyar ko sun yi dalalar miyau, gumi mai yawa ko dishi-dishin gani, alamomin wannan guba ke nan, ba wanda ya yi.

Takardun gwajin lafiyar ma'aikata, waɗanda ake sabuntawa duk wata shida, huɗu sun ƙare, uku ba su taɓa yi ba. Lambatun bayan madafa ya toshe.

Hukunci

Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora kula da gidajen abinci a kan ƙananan hukumomi, kuma duba-gari suna da ikon shiga, ba da takardar wa'adi, kwace abincin da bai dace a ci ba, da kai mai gida kotu. Tambayar ita ce yadda za a yi amfani da ikon. Ɗaya daga cikin jami'an ya ga a garƙame gidan kawai, tunda kurakuran sun haura goma. Ɗayan ya ce garƙamewa ba tare da an canza yadda ake dafa shinkafa ba hutun mako ɗaya ce, a biya tara a sake fenti a dawo gidan jiya. Ra'ayi na biyu ya fi ƙarfi, amma da sharaɗi: akwai abubuwan da ba a ba su wa'adi ko na kwana ɗaya.

A ranar aka zubar da shinkafar kula, da miyar da jinin kaza ya ɗiga a kai, da naman da ya narke, aka zuba musu bilic don kada wani ya tsince su a bola. An ɗauke fiya-fiya. Mai yanka a yatsa an mayar da ita karɓar kuɗi har ta warke. An dakatar da kwangilar biki da sayar da haɗin kabeji. An rufe madafa na kwana biyu don wanke sito da toshe ramuka, aka kuma shaida wa Hajiya cewa duk ma'aikacin da ya yi amai ko gudawa ba ya taɓa abinci sai ya yi awa 48 da warkewa. Wannan sharaɗi ba ya aiki in ana yanke wa mutum kuɗin ranar da bai zo ba, don ɓoyewa zai yi.

An ba da kwana bakwai a kawo bokiti mai famfo da sabulu a madafa da bakin bayan gida, katako biyu masu launi daban, duro mai murfi da famfo, katakon ɗora buhuna mai tsayin santimita 15 daga ƙasa, da baho na uku a wurin wanke-wanke. A wannan baho ake zuba mililita 30 na bilic mai ƙarfin kashi 3.5, kimanin cokali biyu na cin abinci, a lita 10 na ruwa. Kwano ya yi aƙalla minti ɗaya a ciki, a kife ya bushe da kansa, ba a goge shi da tsumma. Ba a haɗa bilic da garin sabulu, kuma ana sake ruwan da zarar ya yi duhu. Gyaran firji, lambatu da takardun lafiya aka ba su kwana 21.

Takardun nan, a ganinmu, an fi ba su girman da ba su kai ba. Gwajin da aka yi a Janairu bai san abin da ke hannun mutum a Afrilu ba. Ana neman su don doka ta ce, amma da ma'aikatan bakwai duk suna riƙe da sababbi, mutum 24 ɗin nan da sun yi amansu.

Shinkafa ita ce ta ɗauki zama mafi tsawo da kuku. Tunda babu sanyin da za a dogara da shi, an soke kwana gaba ɗaya. Ta biki za a dafa ta ranar bikin, a tukwane uku, a rage ruwa kaɗan, a baza a faranti na minti 20 zuwa 30 ta sha iska sannan a soya, wanda ke ba da warwar ɗin da kuku ke nema. Za a lissafa daga lokacin rabo a dawo baya: in 2:30 za a ci, a gama zubawa a roba 12:30 ko bayan haka, a rubuta lokacin a jikin kowane buhu, a kuma faɗa wa mai biki da baki. Daga kowane abincin kwangila za a ɗebi kamar giram 100 a roba mai murfi a ajiye a sanyi na kwana uku. Ta yau da kullum kuma za a dafa sau uku a ƙananan tukwane, a auna kula duk awa biyu a rubuta a littafi. In ta sauka ƙasa da 60 kuma ba ta kai awa biyu a haka ba, a mayar wuta har tsakiya ta haura 70, sau ɗaya tak. In ta wuce, ta tafi bola. Ba a zuba sabuwa a kan tsohuwa.

Komawa

Ranar da wa'adin kwana 21 ya cika, da gangan aka je ƙarfe 4:00 na yamma. Kula tana digiri 63. Littafin awo ya cika, sai dai a kwana huɗu na ƙarshe lambar 65 ce a kowane layi, da biro ɗaya da hannu ɗaya, alamar a zama guda aka cike su. An sa mai zuba abinci ta auna a gaban jami'i, ta iya, amma saman shinkafa take taɓawa, sai aka nuna mata ta nutsa tsinken har tsakiya ta jira lambar ta tsaya. Firji ya sauko digiri 6 bayan an canza robar ƙofa. Sito babu sabon kashin ɓera. Takardun lafiya biyar sun fito, biyu ana jira.

Firiza ce ba ta warware ba. Man janareta na dukan dare ya fi ƙarfin ribar gidan, don haka aka tsaya a kan sayen naman yini ɗaya kowace safiya, aka fitar da lemo zuwa kula mai ƙanƙara don a daina buɗe ta, aka cika gurbin da ya rage da robobin ruwa su daskare su riƙe sanyi. An ɗage dakatarwar kwangila da sharaɗin kada ta wuce roba 80 a rana, iya abin da murhu uku da ma'aikatan gidan za su dafa su zuba cikin safiya ɗaya, kuma a sanar da ofis kwana biyu kafin kwangila ta farko domin jami'i ya leƙa madafa da daren jajibirin.